Majalisa Mai Zaure Biyu: Me Ya Haɗa Ta Da Kasuwar Filinge?

Idan mai karatu bai manta ba, a makon farko na watan Agustan 2023 da wuya ka shiga wata rumfa a kasuwar Filinge ka tarar ba a kunna rediyo ba. Sojoji sun karɓi mulki a Yamai ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO, wadda maƙwabtanmu ke kira ECOWAS, ta zauna a Abuja ranar 30 ga watan ta ba da wa'adin mako guda, ta ce ko dai a mayar da Mohamed Bazoum kan kujerarsa, ko kuma ta yi amfani da ƙarfin soja. An rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba mu. Mai dabbobin da ya saba kai su Illela ko Kamba ya zauna da abinsa yana ciyarwa, mai tireda kuma ya zuba wa kayansa ido suna ragewa, bai san ranar da zai saro wasu ba. Ga shi kuma tsakiyar damina ce, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai iso ba.

Ana cikin wannan zaman ɗar-ɗar ne aka ji cewa Shugaba Bola Tinubu ya aike wa Majalisar Dattawan ƙasarsa wasiƙa, aka karanta ta ranar Juma'a 4 ga Agusta. Kashegari Asabar sanatoci suka rufe ƙofa suka tattauna, da suka gama shugabansu Godswill Akpabio ya karanta matsayarsu, wato a ƙarfafa hanyar siyasa da diflomasiyya. Ya ma ƙara da cewa ba izinin yaƙi shugaban ƙasa ya nema ba. Kafin nan ƙungiyar sanatocin Arewa ta riga ta fito ɓaro-ɓaro ta ce ba ta yarda a ɗauki makami a kan Nijar ba, tana tunatar da cewa jihohi bakwai ne ke jingine da mu, wato Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno.

Ba za mu ce sanatoci su kaɗai suka hana yaƙi ba. Malamai sun yi sintiri tsakanin Abuja da Yamai, sarakuna sun sa baki, talakawan Kano ma sun fito sun ɗaga murya. Kuma duk da haka iyakar ba ta buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Amma tun daga ranar nan mutane da yawa a Kurfai suka riƙa yin tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami: wace ce wannan Majalisar Dattawa da har shugaban ƙasa sai ya rubuta mata wasiƙa, kuma me ya raba ta da wadda ake kira Majalisar Wakilai? Mu dai a nan majalisa ɗaya muka sani tun zamanin Boubou Hama, mu zaɓi dipite, ya tafi Yamai, shi ke nan.

Amsar tambayar farko tana cikin sashe na 5 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999. A can aka rubuta cewa shugaban ƙasa ba shi da ikon shelanta yaƙi da wata ƙasa sai majalisun biyu sun zauna wuri ɗaya sun amince, kuma ba a tura soja fagen fama a wajen ƙasa sai da izinin Majalisar Dattawa. An bar masa 'yar kafa idan tsaron ƙasarsa na cikin haɗarin gaggawa, amma ko a nan ma sai ya nemi yardar dattawan cikin kwana 7. To jihohin nan bakwai da ke bakin iyakarmu suna da sanatoci 21. Ke nan mutanen da 'yan uwansu ke cin kasuwa ɗaya da mu suna da baki a cikin maganar, kuma sun yi amfani da shi.

Majalisar Tarayya, kamar yadda suke kiran ta gaba ɗaya, gida ɗaya ce mai zaure biyu a birnin Abuja. Zauren da kujerunsa ja ne na dattawa, mai koren kujeru kuma na wakilai. Dattawa su 109 ne: kowace jiha daga cikin 36 tana aiko da uku, babba ce ko ƙarama, birnin Abuja kuma ɗaya. Wakilai su 360 ne, su kuma ana raba kujerunsu ne bisa yawan jama'a. Shi ya sa Kano ke da 24, Legas 24, Katsina 15, Sakkwato 11, ita kuwa Bayelsa 5 kacal. Amma da zarar an tsallaka zauren ja, Kano da Bayelsa kunnen doki suke, uku da uku. Dukkansu jama'a ke zaɓen su kai tsaye, wa'adinsu shekara 4, kuma doka ta ce kowane zaure ya zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Mai neman kujerar dattawa sai ya kai shekara 35, ta wakilai kuwa tun 2018 aka sauko da ita zuwa 25.

Wani zai ce, to ina amfanin wannan wahala? Bari mu kawo misali daga gida. Ku ɗauka gwamnati ta kawo wani tallafi za a raba tsakanin kasuwannin yankinmu. Idan aka ce a raba bisa yawan masu cin kasuwa, Balleyara za ta kwashe kaso mafi tsoka, ƙananan kasuwannin ƙauye su tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Idan kuma aka ce kowace kasuwa kaso ɗaya, mutanen Balleyara za su ce an zalunce su, tunda su suka fi yawa kuma su suka fi biyan lanho. Dabarar zaure biyu ita ce a auna abin da mudu biyu, kuma kada a zartar sai duka biyun sun cika. Najeriya ta aro wannan fasali ne daga Amurka a 1979, inda dattawa 100 da wakilai 435 ke zama a kan irin wannan lissafi.

A wajen yin doka ƙarfinsu ɗaya ne, babu zauren da zai yi gaban kansa. Sai dai akwai ayyukan da aka keɓe wa dattawa. Su ke tantance ministoci, da jakadu, da Alƙalin Alƙalai, da gwamnan Babban Banki, da shugaban hukumar zaɓe. Kwana biyu bayan maganar Nijar, wato ranar 7 ga Agustan 2023, suka amince da mutum 45 daga cikin 48 da Tinubu ya aiko don ba su minista, suka dakatar da uku, ciki har da tsohon gwamnan Kaduna Nasiru El-Rufa'i, wanda daga ƙarshe bai samu kujerar ba.

Maganar shugabanci kuwa, kowane zaure shi ke zaɓen nasa daga cikin 'ya'yansa a ranar farko. Dattawa suna da Shugaba da Mataimaki, wakilai suna da Kakaki da Mataimaki. A ranar 13 ga Yunin 2023, Akpabio ya samu ƙuri'a 63, tsohon gwamnan Zamfara Abdul'aziz Yari ya samu 46, Barau Jibrin na Kano ya zama mataimaki. A ɗaya zauren Tajuddeen Abbas na Zariya ya zama Kakaki da ƙuri'a 353, Benjamin Kalu ya zama mataimakinsa. Mai lura zai ga an yi rabon ne tsakanin Kudu da Arewa, kuma ba doka ce ta ce a yi haka ba, al'adar siyasarsu ce ta raba daidai don kada wani yanki ya ce an bar shi a baya. Idan zaurukan biyu suka haɗu, Shugaban Dattawa ke jan zaman. Haka kuma idan aka wayi gari babu shugaban ƙasa babu mataimakinsa, shi zai riƙe ƙasar na tsawon da bai wuce wata uku ba kafin a yi zaɓe.

Wannan kujera ba ta da sanyi. Tsakanin 1999 da 2007 mutum biyar suka hau ta: Evan Enwerem, Chuba Okadigbo, Anyim Pius Anyim, Adolphus Wabara da Ken Nnamani. A zauren wakilai ma Salisu Buhari bai yi wata biyu ba ya sauka a 1999 saboda rikicin takardun makaranta, Ghali Umar Na'abba ya gaje shi. Patricia Etteh, mace ta farko da ta zama Kakaki, ta sauka a cikin shekarar da ta hau, wato 2007. Kafin a tsige shugaban zaure sai kashi biyu cikin uku na 'yan zauren sun yarda, amma sau da yawa mutum kan ga alamar guguwa ya ajiye da kansa.

A ƙarƙashin waɗannan akwai jagoran masu rinjaye, wanda ke gabatar da buƙatun gwamnati, da jagoran marasa rinjaye, wanda ke magana da yawun 'yan adawa, sai mai tsawatarwa na kowane ɓangare, wanda aikinsa shi ne ya tabbatar 'yan jam'iyya sun hallara kuma sun bi layi ranar ƙuri'a. Akwai kuma magatakarda, shi ba ɗan siyasa ba ne, ma'aikaci ne mai riƙe da takardu. Sai sandar majalisa, wadda ake ɗaukowa a gaban shugaba a aza ta bisa tebur. In babu ita zama bai halatta ba. Shi ya sa a watan Afrilun 2018 wasu 'yan daba suka kutsa zauren dattawa ana tsakiyar zama suka sure ta suka gudu, sai da aka ɗauko wata kafin a ci gaba.

To amma, 'yan uwa 'yan kasuwa, duk hayaniyar da kuke ji a rediyo ta cikin zaure, ba a nan ake dafa abincin ba. A kwamiti ake dafa shi, zaure wurin rabawa ne kawai. Mutum 360 ba za su iya zama su bi kasafin kuɗin ƙasa layi-layi ba, kamar yadda sarkin kasuwa ba zai iya sanin farashin kowace akuya da kowace tiyar wake shi kaɗai ba, dole sai ya dogara da shugabannin 'yan hatsi, da na mahauta, da na dillalan dabbobi. Sashe na 62 ya ba kowane zaure ikon kafa kwamitoci yadda ya ga dama, sai dai ya hana a miƙa wa kwamiti ikon zartar da doka. Kwamiti zai bincika ya kawo rahoto, zaure ya yanke.

Kwamitocin kala-kala ne. Akwai na dindindin, waɗanda kowannensu ke sa ido a kan wata ma'aikata ko hukuma: na noma, na kasuwanci, na kwastan, wato duwan ɗinsu, na tsaro, na harkokin waje da sauransu. Akwai na tafiyar da gidan kansa, kamar mai tsara jadawalin aiki, da mai ladabtar da 'yan majalisa da karɓar koken jama'a. Akwai na wucin gadi, wanda ake kafawa don wata matsala guda, in ta ƙare ya watse. Akwai kuma na sasantawa, wanda ke haɗa mutanen zaurukan biyu idan sun saɓa. Biyu daga ciki ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe sunansu, kada ya rikita su: kwamitin kuɗi shi ke duba ta inda kuɗi za su shigo, wato haraji, kwamitin kasafi kuma shi ke duba inda za su tafi. Na ukunsu shi ne mai binciken asusun gwamnati, wanda ke bin sawun rahoton babban mai binciken kuɗi, kuma bisa al'ada ɗan adawa ake ba shugabancinsa. Hikimar a fili take, ba a ba uwar adashi ta binciki kanta.

Wa ke raba waɗannan kujeru? Wani kwamiti ne na zaɓe, wanda shugaban zauren da kansa ke jagoranta. A nan ƙarfinsa na gaskiya yake. Wanda ya mara masa baya ranar zaɓe ya samu kwamiti mai maiƙo, irin na man fetur ko na kasafi, wanda ya yi masa adawa kuma a tura shi inda ko ofis mai kyau babu. A 2023 Kakaki Abbas ya sanar da kwamitoci 134, Akpabio kuma 74. Ku yi lissafin da kanku: kwamiti 74, kowanne da shugaba da mataimaki, kujeru 148 ke nan, alhali sanatocin duka su 109 ne. A ganina wannan yawa ba aiki ne ya kawo shi ba, neman a sallami kowa ne. Majalisarmu ta Yamai, mai kujeru 171, da kwamitoci 7 na dindindin ta yi aikinta har zuwa 2023: na kuɗi da kasafi, na tattalin arziki da tsare-tsare, na raya karkara da muhalli, na jin daɗin jama'a da al'adu, na tsaro, na harkokin waje, sai na al'amuran hukumomi.

Don mai karatu ya ga yadda injin ke juyawa, bari mu bi sawun wata doka da ta shafi aljihun kowane mai saro kaya daga Kano ko Sakkwato. A watan Oktoban 2024 Tinubu ya aika wa majalisa ƙudurori huɗu na gyaran haraji. A ciki akwai shirin ɗaga harajin sayen kaya, wanda mu ke kira TVA su kuma VAT, daga kashi 7.5 cikin ɗari zuwa 10, daga baya 12.5, har ya kai 15 a 2030. Akwai kuma sabon tsarin rabon kuɗin, wanda gwamnonin Arewa suka ce zai fifita jihohin da manyan kamfanoni suke. Suka fito suka ƙi, suka umarci 'yan majalisarsu su ƙi.

Ƙa'ida ita ce a yi wa ƙuduri karatu na farko, wato a ambaci sunansa kawai. A karatu na biyu a yi muhawara kan manufarsa. Daga nan a miƙa shi ga kwamiti, shi kuma ya kira zaman jin ra'ayin jama'a. A watan Fabrairun 2025 kwamitin kuɗi na dattawa, ƙarƙashin Sani Musa na jihar Neja, da na wakilai, ƙarƙashin James Faleke, kowanne ya yi nasa zaman, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na ƙwadago da na addini suka zo suka faɗi albarkacin bakinsu. Da rahotanni suka dawo zaure, sai ga shi an soke ƙarin, harajin ya tsaya a 7.5, an kuma sake fasalin rabon. Wakilai suka zartar da nasu a watan Maris, dattawa a watan Mayu. Da yake rubutun biyu bai zo ɗaya ba, kwamitin sasantawa ya zauna ya daidaita su, shugaban ƙasa ya sa hannu ranar 26 ga Yunin 2025. Wannan kashi biyu da rabi da aka hana ƙarawa, da a kan kayan da kuke sarowa zai faɗo, ku kuma ku ɗora wa mai saye a Filinge ko Abala.

Da a ce shugaban ƙasa ya ƙi sa hannu cikin kwana 30, majalisa na iya tsallake shi idan kowane zaure ya sake zartarwa da kashi biyu cikin uku. Sun taɓa yi wa Obasanjo haka a shekarar 2000 a kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta. Idan kuma zaurukan ne suka kasa jituwa a kan kasafin kuɗi, kwamitin haɗin gwiwa na kuɗi zai zauna, in ya gaza a tara kowa da kowa a zaure ɗaya a kaɗa ƙuri'a. A irin wannan rana girman dattijo ba ya aiki, domin 360 sun fi 109.

Kada a ɗauka yabon gwani nake yi. Kwamitin da ke iya kare talaka shi ne kuma ke iya zama rumfar ciniki. A 2012 Faruk Lawan na Kano ya jagoranci kwamitin wucin gadi da ya tona asirin badaƙalar tallafin man fetur, jama'a suka yi ta sa masa albarka, daga baya kotu ta same shi da laifin karɓar cin hanci a cikin wannan aikin, ta ɗaure shi a 2021. A 2016 Abdulmumin Jibrin, bayan ya bar shugabancin kwamitin kasafi na wakilai, ya zargi shugabannin zauren da cusa ayyuka a kasafi, aka dakatar da shi zaman majalisa 180. A watan Maris na 2024 dattawa suka dakatar da Abdul Ningi na Bauchi saboda irin wannan zargi. Akwai kuma abin da majalisar ba ta iya hanawa: rufe iyakar da Buhari ya yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 umarnin fadar shugaban ƙasa ne, kuma kun san yadda aka sha.

Ga iyayenmu mata kuma, ga wani abin lura. A ƙarshen 2023 mata 4 ne kacal cikin sanatoci 109. A wannan fanni mu ne a gaba, domin tun shekarar 2000 Nijar ta yi dokar da ta ware wa mata aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, aka ɗaga shi zuwa 25 a 2019. Yawan zaure bai buɗe wa mai sayar da ƙuli-ƙuli ko cuku ƙofa ba, doka ce ta buɗe.

Mu dawo gida. Wanda ya kai shekara talatin da ɗoriya zai tuna 2005. A watan Janairun shekarar majalisarmu mai kujeru 113, wadda gwamnati ke da rinjaye a cikinta, ta amince da dokar kuɗi da ta ɗora TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan madara, fulawa, sukari, ruwan famfo da wutar lantarki, a shekarar da fari da fara suka riga suka cinye amfanin gona. Babu wani zaure na biyu da zai ce a dakata a sake dubawa. Abin da ya tsaya a matsayinsa shi ne titi da kasuwa. Ƙawancen yaƙi da tsadar rayuwa, wanda Nouhou Arzika ke cikin jagororinsa, ya kira gangami a watan Maris, 'yan kasuwa suka rufe shaguna, Yamai ta zama kamar an yi shara, aka kama jagororin, sannan a watan Afrilu gwamnati ta sauko ta janye harajin daga madara da fulawa. Masu son zaure biyu kan kafa hujja da wannan, su ce da akwai dattawa da ba a kai ga rufe kasuwa ba.

Sai dai su ma masu son zaure ɗaya suna da tasu hujjar. Wannan majalisar dai ita ce ranar 31 ga Mayun 2007 ta kayar da gwamnatin Firaminista Hama Amadou da ƙuri'a 62, a kan batun kuɗin ma'aikatar ilimi. Majalisar Najeriya, duk da zaurukanta biyu, ba ta da irin wannan wuƙa, ba ta iya rusa majalisar ministoci da ƙuri'ar rashin amincewa. Haka nan dokar ta-ɓacin da aka sa a Abala da wasu sassan Tilaberi tun Maris na 2017, wadda a ƙarƙashinta aka hana hawa babur daga farkon 2020, ta hannun wannan zaure ɗaya aka riƙa bi duk wata uku kafin a sabunta ta, har zuwa 2023.

Mutane da yawa ba su san cewa Nijar ta taɓa samun Majalisar Dattawa ba, amma a takarda. Labarin ya fi armashi idan aka jera shi da na maƙwabta. A ranar 16 ga Mayun 2006, lokacin da magoya bayan Obasanjo ke neman a gyara kundi ya yi wa'adi na uku, dattawan Najeriya ƙarƙashin Ken Nnamani suka yi watsi da ƙudurin ana kallon su a talabijin, maganar ta mutu nan take. Shekara uku bayan haka tazarce ta iso mana. Kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazèye, ta ce ba ta halatta ba. Shugaba Tandja Mamadou ya rusa majalisa ranar 26 ga Mayun 2009, ya rusa kotun a ƙarshen Yuni, ya kira ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta. Kundin Jamhuriya ta Shida da ya fito daga nan shi ne ya ƙirƙiro Majalisar Dattawa. Amma dubi yadda aka tsara ta: kashi biyu cikin uku ba jama'a za su zaɓe su kai tsaye ba, kashi ɗaya kuma shugaban ƙasa ne zai naɗa da hannunsa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Sanatan da aka naɗa, da wane baki zai ce a'a ga wanda ya naɗa shi? Ba a kai ga gwadawa ba, domin ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka kifar da gwamnatin tun majalisar ba ta zauna ko sau ɗaya ba, kundin Nuwambar 2010 kuma ya mayar da mu zaure ɗaya.

Ba mu kaɗai ke kai-komo a kan wannan ba. Senegal ta soke tata Majalisar Dattawan a 2012, Shugaba Macky Sall ya ce gara a sa kuɗin a taimakon waɗanda ambaliya ta shafa. Muritaniya ta soke tata a 2017. Ita kuwa Kwaddebuwa a 2018 ta kafa tata, inda shugaban ƙasa ke naɗa kashi ɗaya cikin uku, irin dai fasalin da aka so yi mana.

Tun daga 26 ga Yulin 2023 babu zaɓaɓɓiyar majalisa a Yamai. Janar Abdourahamane Tiani, wanda ɗan wannan yanki ne daga Tukunus, ya sa hannu a kan kundin sake gina ƙasa ranar 26 ga Maris na 2025, wanda ya tanadi wa'adin wata 60, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa. A cikin shekarar aka kafa majalisar tuntuɓa ta CCR. 'Ya'yanta naɗa su aka yi, kuma shawara take bayarwa, ba ta zartar da doka. Kansilolin gundumomi ma an rusa su tun Afrilun 2024, aka naɗa masu riƙo a madadin magadan gari. Kasafin kuɗin ƙasa, wanda a da yakan kwashe makonni a hannun kwamitin kuɗi a zaman ƙarshen shekara, majalisar ministoci ke amincewa da shi, shugaban ƙasa ya sa hannu.

Saboda haka ɗan kasuwar da ke da kuka a kan lanho ko kuɗin duwan, ƙofofin da suka rage masa su ne ƙungiyarsa ta 'yan kasuwa, da zauren 'yan kasuwa na ƙasa, da sarkinsa, da kuma wanda ke wakiltar yankinsa a CCR. Wanda ke cikin ƙungiya yakan ji ƙishin-ƙishin tun kafin a sa hannu. Ita kuwa mai ɗan tebur a bakin tashar Filinge, takan ji labarin sabuwar dokar kuɗi ne ranar da motar kaya ta iso daga Yamai, yaron mota ya gaya mata sabon kuɗin buhun sukari.